Yadda Na Raka Baba Japan Kallon Yaransa

Tun da muka dawo ban huta ba. A shagon ɗinkin da nake aiki a Waziriyya, nan Jidda, Maman Amira sai ta ajiye almakashi ta ce, "Hajara, wai da gaske ɗanyen kifi kuka ci?" A unguwa, da na fito sayen burodi sai an tare ni. Wata ma cewa ta yi ta ji an nuna Baba a talabijin ɗin Japan yana rawa. Ba a nuna shi ba, rawar kuwa zan zo kanta. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. To yau ga shi tun daga farko.

Wanda bai san Baba ba ba zai gane abin da ya kai mu can ba. Sunansa Idrisu, a Ammariyya aka haife shi, kakansa ne ya taho hajji a ƙasa daga Katsina bai koma ba. Yana saurayi ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin Japanawa masu haɗa injinan tace ruwan teku. Wanda yake tuƙawa wani injiniya ne mai suna Mori, amma kowa Muhandis yake ce masa. Mutum ne shiru-shiru, ya baro matarsa da ƴarsa a gida. Abu ɗaya ne yake mayar da shi wani mutum daban, shi ne wasan besbol.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba: mutum ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo da ƙarfin tsiya, wani ya tsaya da kulki yana neman ya make ta. In ya same ta sai ya yar da kulkin ya zura da gudu, ya zagaye kusurwa uku ya dawo inda ya tashi, abokan hamayya kuma suna neman su cafe ƙwallon su riga shi. Duk wanda ya dawo gida lafiya, an ci ɗaya. In kuwa ƙwallon ta tsallake katangar filin gaba ɗaya, shi ke nan, sai ya zagaya a tsanake kamar ango.

A lokacin babu waya irin ta yanzu. Matar Muhandis ce take ɗaukar masa wasannin ƙungiyar garinsu a kaset, ta aiko ta gidan waya, sai sun yi mako uku a hanya. Baba ne mai karɓowa. Dokar Muhandis ɗaya ce: kada wanda ya kuskura ya gaya masa wa ya ci kafin kaset ya iso. Wata Juma'a Baba yana zaune cikin mota, sai Muhandis ya leƙo ya ce masa da guntun Larabcinsa, "Ta'al, Idrisu-san. Ihu ni kaɗai, kamar majnun." Wato ya shigo su yi ihun tare, don kada maƙwabta su ce ya haukace. Daga ranar Baba ya kamu. Shekara shida suka yi a haka.

Mu da muka taso a gidanmu na Kurayyat, ƴaƴan maƙwabta ana yi musu tatsuniya, mu kuwa tarihin ƙungiyar nan ake ba mu. Baba bai taɓa kiran sunanta ba, "yaranmu" yake cewa, ƴan wasan ma duk ya raɗa musu nasa sunan. Akwai Dogo Mai Hagu, wanda ya yi jifa tun daga farkon wasa ba wanda ya taɓa ƙwallonsa sai mutum na ƙarshe, Baba in ya zo nan sai ya dafe ƙirji. Akwai Gajere, wanda ƙwallo ta taho masa a sama a wasan ƙarshe, yana cafewa kofi ya zama nasu, ta faɗo cikin safar hannunsa ta sulluɓe. Muhandis kwana biyu bai ci abinci ba. Sannan akwai babbar rana, bayan ƴan shekaru, da Gajeren nan dai ya tsaya da kulki a zagayen ƙarshe, ana gaban yaranmu da ɗaya, ya make ta ta tsallake katanga. Kofin da garin ya daɗe yana jira har wasu sun mutu ba su gani ba. Baba da Muhandis suka fita da gudu, suka shiga mota har bakin teku, suka faɗa ruwa da kayansu. Wani ɗan sanda ya tsaya yana tambayar su ko sun sha wani abu.

Bayan Muhandis ya koma ƙasarsu, duk shekara sai kati ya zo da hoton filin wasan, a ƙasa ya rubuta da hannunsa: sai ka zo mun kalla tare. Baba ya ce in sha Allahu, ya adana. Sai aka yi shekara biyu shiru. Muna cewa ko ya rasu, kwatsam ga saƙo daga ƴarsa Yumi. Ta ce mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya farfaɗo, amma mantuwa tana cinsa a hankali. Ta ce yana yawan ambaton Jidda. In Baba zai zo, to bana ne, tikiti kuma ta ɗauka.

Mama ta ce, "Malam, da ciwon sigarka? Kai da ba ka taɓa wuce Kano ba?"

Baba ya ce, "Hajara za ta raka ni. Ai tana jin Turanci."

Turancina na ƴan Filifin ɗin shagonmu ne, na kan keken ɗinki, amma ban musa ba.

Takardu suka kusa cinye mu. Biza ta fito bayan mun kai wasiƙar gayyata da iƙama, wato takardar zaman ƙasa, da hotuna iri biyu, don na farko an ce hular Baba ta rufe masa goshi. Uwar ɗakina ta ba ni izinin fita da dawowa nan take. Saura na Baba. Kafilinsa, Balaraben da iƙamarsa ke ƙarƙashin sunansa, tsoho ne mai kirki, sai dai ya tafi wajen raƙumansa bayan Usfan, wayarsa ba ta shiga, ga tafiya saura kwana uku. Muka ɗauki mota muka bi shi. Muka same shi yana tatsa. Ya ji bayani, ya ce, "Yaban? Ya Idris, me ka manta a can?" Sai da muka sha nonon raƙumi kofi bibbiyu, sannan ya hau wani tudu yana ɗaga waya sama kamar mai duban wata, yana neman sabis ya tura izinin. Can ya ƙwala ihu, "Halas! An gama!" Baba ya rungume shi har rawaninsa ya faɗi.

A jirgi Baba ya ƙi runtsawa. Ya zauna kusa da taga cikin farar doguwar rigarsa, yana bin ɗan hoton jirgin da ke tafiya kan taswira. Bayan mun sauya jirgi, an kawo shayi, sai ya taɓo ni.

"Hajara, akwai abin da ko mamanki ban gaya wa ba."

Na ɗauka maganar ciwonsa ce.

"Ranar kofin nan. Na san mun ci tun kafin kaset ya zo."

Ashe wani akawun kamfanin, Bajapane shi ma, an bugo masa waya daga gida. Baba ya ɗauko shi a mota, mutumin ya kasa riƙewa ya furta, sannan ya shiga roƙon Baba kada Muhandis ya ji. Baba ya ce, "Mako uku ina tuƙa shi safe da yamma da wannan abu a cikina. In na tsaya a danja sai in ciji leɓe kada in yi murmushi. Ranar da muka sa kaset, da aka wuce mu da ɗaya, na ɗora hannu a ka ina cewa mun shiga uku. Ƙarya nake yi, ƴar nan. Allah ya yafe min. Amma da kin ga fuskarsa lokacin da ƙwallon ta tashi, da kin ce ƙaryar ta biya."

Na ce, "Za ka gaya masa yanzu?"

"Shi ya sa ma nake ɗokin zuwa. In gaya masa, ya bi ni da sanda."

A filin jirgin Tokyo muka ci karo da abin farko. Muna jiran kaya sai ga wani ɗan ƙaramin kare sanye da riga, wata ma'aikaciya tana riƙe da shi. Ya shinshina jakar kowa ya wuce, da ya zo kan ta Baba sai ya zauna daram. Baba ya ja da baya yana tattare riga. Aka kai mu gefe aka buɗe. Ashe Mama ta cusa ƙullin kilishi a cikin safa, wai kada mu mutu da yunwa a ƙasar da ba a yanka. Jami'in ya nuna mana hoto, ba a shiga da nama kowane iri. Ya ɗauki kilishin da hannu biyu, ya rusuna, ya ba da haƙuri, ya sake rusunawa. Baba ma ya rusuna. Mutumin ya ƙara. Ban san inda za su tsaya ba da ban ja Baba ba. Dabino da yaji an duba an mayar mana. Muna fita Baba ya ce, "Tunda nake ban taɓa ganin wanda ya ƙwace min abu yana roƙona gafara ba. Har na ji kamar in ƙara masa da dabinon."

Yumi tana jiran mu da takarda an rubuta sunan Baba da Larabci, harufan a rarrabe kamar haƙoran tsohuwa. Mace ce da ta girme ni, malamar makaranta, ba ta taɓa zuwa Jidda ba amma ta san sunan unguwanninmu irin su Ammariyya da Balad. Ta ce, "Idrisu-san, tun ina yarinya nake jin sunanka." Muka hau jirgin ƙasa mai gudun da ba na iya kwatantawa zuwa garinsu na bakin teku. Cikin taragon nan, mutum ya kai ɗari, amma ko tari ba ka ji. Mu da muka saba da motar haya inda direba ke faɗa da waya, rediyo na yi, fasinja na cinikin tumatir ta taga. Baba ya shiga da sallamarsa mai ƙarfi, ba wanda ya ɗago. Can Mama ta kira, ya sa ta a lasifika, muryarta ta cika taragon: "Kun ci kilishin?" Yumi ta sunkuyar da kai tana danne dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage.

Masaukinmu ɗakuna biyu ne ƙanana, in ka buɗe akwati sai ka hau gado kafin ka wuce. Baba ya auna wurin salla da ƙafarsa, ya ce sujada za ta yiwu in ya karkata kaɗan. Banɗakin ne ya burge shi. Ya shiga ya daɗe, sai na ji ya yi salati, ya fito rigarsa a jiƙe. Ya danna wani maɓalli yana tsaye, ruwa ya feso masa a ƙirji. Da ya gane kan abin sai ya ce, "Mutanen nan sun san tsarki, Hajara. Shahada kawai ta rage musu."

Abinci kuwa, Yumi ta yi ƙoƙari. Ta rubuta mana kati da yarensu cewa ba ma cin alade, ba ma shan giya, duk inda muka shiga sai in miƙa. Shinkafarsu mai danƙo ce, ana dunƙule ta kamar tuwo a naɗe da ganyen teku. Baba ya barbaɗa mata yaji ya ce ta yi. Ɗanyen kifin, Maman Amira, na ci yanka ɗaya, kuma ba laifi. Abin da ya kusa kashe ni wani koren abu ne a gefen faranti, na ɗauka kakkaurar miya ce na lakato da yawa. Ya bi ta hancina har tsakiyar kai. Ni da nake taƙama da cin shatta mai barkono!

Washegari muka tafi gidan Muhandis. Baba ya sa sabuwar riga, ya fesa turare, a mota sai gyara hula yake. Matar Muhandis ta rasu shekarun baya, Yumi ce ke zaune da shi. Muka tuɓe takalma, aka ba mu silifa. Yana zaune a keken marasa lafiya kusa da taga, ɗan tsamurmurin tsoho, hannunsa na dama a kan cinya ba ya motsi.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Muhandis! Assalamu alaikum. Yalla, mu tafi, mota ta zo!"

Haka yake ce masa kowace safiya a da. Tsohon ya ɗago ya dube shi, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, ya rusuna da kai. Ya juya wajen Yumi ya yi tambaya. Ta amsa masa, na ji ta ambaci sunan Baba har sau biyu. Ya sake kallon Baba, ya girgiza kai a hankali, ya yi magana.

Yumi ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Wai Idrisu-san saurayi ne siriri, mai baƙin gashi. Wai amma yana yi wa wannan dattijon maraba."

Na rasa yadda zan juya wa Baba wannan da Hausa. Ashe ba sai na juya ba. Ya zauna a ƙasa kusa da keken, ya buɗe kwalin dabino ya miƙa masa ɗaya. Muka yi awa guda ana shan koren shayi, ba wata hira. Da muka fito Baba ya ce, "Mun makara, ƴar nan." Rannan bai ci komai ba, sai da na tsaya a kansa saboda allurarsa. Ya ce ko mu fasa zuwa filin, kada a wahalar da bawan Allah. Yumi ce ta ƙi. Ta ce tikiti huɗu ta saya, kuma mahaifinta ko ya manta ranar mako ba ya manta ranar wasa.

Ranar Asabar da hantsi muka isa. Jama'a! Na ga taro a Harami, amma ban taɓa ganin mutane da yawa haka sanye da riga kala ɗaya ba, har da jarirai da tsofaffi masu sanda. Yumi ta saya wa Baba rigar ƙungiyar, ya ɗora ta kan doguwar rigarsa, ga hula a kai. Kowa ya wuce sai ya waigo.

Kafin a shiga akwai wani dogon zaure da aka jera tsofaffin hotuna da kofuna cikin gilashi. Nan Baba ya farfaɗo. Ya saki hannuna ya nufi wani hoto. "Ga Dogo! Hajara, ga Dogo Mai Hagu! Dubi yadda yake ɗaga ƙafa!" Ya ɗaga tasa ƙafar ya kwaikwaya, riga ta harɗe shi, na tare shi. Ya matsa gaba ya tsaya gaban wata tsohuwar safar hannu ta fata. Ya nuna ta da yatsa ya ce, "Ke ce ko? Ke ce kika hana mu barci." Safar Gajere ce, wadda ƙwallon ta sulluɓe daga cikinta.

Wata tsohuwa mai ƴar ganga a rataye ta tambayi Yumi me baƙon yake cewa. Da ta ji, sai ta taso wa Baba. Ta ce ba laifin Gajere ba ne, rana ce ta shiga idonsa, tana wurin a ranar.

Baba ya ce, "Gaya mata babu rana, hadari ne a ranar. Na kalli kaset ɗin ya fi sau goma. Ido ya ɗauke yana kallon mai gudu."

Na juya wa Yumi da Turanci, Yumi ta juya wa tsohuwar. Tsohuwar ta ƙare wa Baba kallo daga hula har takalmi, sai ta fashe da dariya ta daki gangarta. Ta ce mijinta ma haka ya yi ta faɗa har ya mutu. Kafin ka ce me, tsofaffi sun kewaye mu, wannan ya nuna hoto, Baba ya faɗi abin da ya faru, su yi "Ooo!" baki ɗaya. Wani ya tambaya daga wace ƙasa, na ce Jidda. Ya ce akwai besbol a can? Baba ya ce, "Akwai. Mu biyu ne."

An ba mu wuri mai faɗi saboda keken Muhandis, Baba ya zauna dab da shi. Abin da kaset bai taɓa nuna masa ba shi ne ƙarar wurin. Kowane ɗan wasa da waƙarsa, da ganguna da kakaki, dubban mutane suna yi tare ba mai kuskure. In ɗaya ɓangaren ne ke bugu, sai namu su zauna tsit su bar su su yi tasu waƙar. Na tuna kallon ƙwallon ƙafa a gidan gahawar unguwarmu, inda ake tashi da jifa da kujera. Wasu ƴanmata suna yawo da tulu a goye suna tsiyaya wa mutane wani abu mai kumfa. Baba ya ɗaga hannu, wai ko lemo ne. Na kamo hannun da sauri na ce giya ce. Ya ce, "A'uzu billahi! A goye kamar jariri?"

Muka fita muka yi azahar a wani lungu, wani ma'aikaci ya kawo mana kwali ya shimfiɗa, ya tsaya yana kare mu daga masu wucewa. Da muka dawo an wuce yaranmu da ɗaya. Baba ya ɗora hannu a ka ya ce, "La haula!"

Muhandis ya juyo ya dube shi. Ya daɗe yana kallon hannun nan a ka. Sai ya fara magana, a hankali, harshensa yana nauyi. Yumi ta sunkuyo tana juya min, ni ina juya wa Baba.

"Wai ka tuna masa da direbansa na Jidda. Wai shi ma haka yake yi."

Baba ya ce, "Ce masa ya ba ni labarin direban."

Tsohon ya ce yaron kirki ne, ba ya makara, sai dai gudu da mota. Ya ce ya shigo bai san komai ba, ya fita ya fi shi sanin ƴan wasa. Sannan ya matso da kansa kamar mai raɗa, ya ce akwai abin da ya ɓoye wa direban. Shekarar kofi, matarsa ta bugo masa waya a ranar, ta yi niyyar ta yi shiru amma kuka ya ƙwace mata, ga garin duk ya ɗauki ihu a bayanta. Tun ranar ya sani.

Na juyo na dubi Baba. Baba ya ce, "Me ya ce? Ki faɗa mana!"

Na faɗa. Muhandis ya ci gaba. Ya ce mako uku yana zaune a bayan mota yana rufe fuska da jarida don kada direban ya gani a madubi. Ya ce yaron ya sha baƙin cikin shekaru tare da shi, ba zai ƙwace masa daɗin ganin abin da idonsa ba. Ranar kaset, da aka wuce su da ɗaya, shi ma ya yi kamar zai suma. Ya ƙarasa da Larabci, da kansa, yana ɗaga yatsa: "Ana kazzab kabir." Wai shi babban maƙaryaci ne.

Baba ya dube shi. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ba ta fita da sauti, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na bin gemunsa. Na ce masa a kunne, "Baba, gaya masa naka." Ya girgiza kai. Ya ce, "Bar shi da ladansa."

Ban san sanda aka kai zagayen ƙarshe ba. Yaranmu sun rama, an yi kunnen doki. Wani ɗan siririn ɗan wasa yana kusurwa ta biyu, mai bugu ya make ƙwallo ta bi ƙasa ta ratsa tsakanin mutum biyu. Siririn nan ya zura. Ya wuce ta uku bai tsaya ba, ga ƙwallo an jefo ta tana biye da shi. Baba ya miƙe tsaye yana ihu, "Yalla! Yalla!" Sai na ji wata murya a gefe, a shaƙe, "Yalla! Yalla!" Muhandis ne, yana dukan hannun kekensa da hannun hagu. Mutanen layinmu ba su san ma'anarta ba suka ɗauka su ma. Ɗan wasan ya yi sufa da ciki, ƙura ta tashi, alƙalin wasa ya ware hannuwansa biyu. Ya riga ƙwallon!

Wurin ya tsage. Wata mata da ban taɓa gani ba ta rungume ni. Ni da na zo rakiya, sai ga ni ina guɗa irin ta bikin Kurayyat, har na gaba suka juyo suna tafa min. Baba kuwa ya kama hannun Muhandis mai lafiya ya ɗaga sama, yana taka rawa a gefen keken, hula ta karkace, rigar ƙungiya ta zame kafaɗa ɗaya. To wannan ita ce rawar da kuka ji. Bayan an lafa, kowa ya sunkuya ya tsince sharar da ke gabansa ya zuba a leda. Baba ma ya tsince ƙwallayen dabinonsa.

Kwana biyu bayan nan muka je sallama. Muhandis bai tuna wasan ba, amma ya karɓe mu da fara'a. Da Yumi ta ce masa baƙin za su koma Jidda, sai idonsa ya yi haske. Ya kama hannun Baba ya riƙe gam. Ya ce in ya je, don Allah ya nemi wani direba a Ammariyya, Idrisu, kowa ya san shi. Ya gaishe shi. Ya ce masa har yanzu ana ajiye masa kujera.

Baba ya rusuna irin tasu, har ƙasa sosai, ya ce, "Zai ji."

Mun sauka Jidda da la'asar, zafi da gumin teku suka tare mu tun daga ƙofar jirgi. Direban da ya ɗauko mu yana faɗa da waya, yana danna ham, wallahi sai na ji daɗin hayaniyar. Mama tana bakin ƙofa da turaren wuta. Ko zama ba mu yi ba ta fara: ya hanya, ya sigar, ya mutumin naka, ya gane ka kuwa?

Baba ya ajiye jaka, ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya. Ya ce, "An ba ni saƙo. An ce in gaida Idrisu na Ammariyya, in ce masa ana ajiye masa kujera."

Mama ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Malam, lafiya? Ai kai ne Idrisun."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na faɗa a gabanki, ki zama shaida na isar."